Wanda Ya Buɗe Tiyon Makaniki

Tambaya ɗaya likitan ya yi, kuma ita ya maimaita har sau uku.

"Wa ya buɗe tiyon nan a gida?"

Makaniki ya juya fuskarsa bango. Auta tana tsaye a gefen gadon, riƙe da kular abincin da ta kawo masa.

Wata tara ke nan da ƙodojinsa suka daina aiki. Sau biyu a mako ake kawo shi wankin ƙoda, a jona shi da inji ta wani tiyo da aka cusa masa a ƙarƙashin ƙashin wuya. Tiyon yana da jela biyu, ɗaya da jan murfi, ɗaya da shuɗi. Da shi yake rayuwa. Saboda shi ne kuma mahaifin Auta ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da sai an jona shi da wuta kamar firji ba. Shekara huɗu suna son juna, ita kuma ba yarinya ba ce, shagon ɗinki gare ta mai keke uku, amma tsohon ya kafe.

Shekaranjiya ana tsakiyar wankin rawar sanyi ta kama Makaniki har gadon yana ƙara. Aka ɗebi jininsa, aka ɗauki hoton zuciyarsa, aka riƙe shi a asibiti.

Likitan ya ja kujera ya zauna.

"Kai makaniki ne, bari in yi maka da yarenku. Zuciya tana da bawul, kamar inji. Bakin tiyon nan kuwa a ƙofar zuciyarka yake. Duk dattin da ya shiga ta murfin ba ya yada zango ko'ina sai can. Ƙwayoyin cuta sun yi gida a kan bawul ɗaya, suna cin sa. In ya ɓule, ba a sayar da irinsa a layin 'yan kayan gyara. Ina so in san abin da aka ɗura maka, da wanda ya ɗura."

"Ba wanda ya taɓa," in ji Makaniki, yana haki. "Wanka na yi, ruwa ya shiga."

Babbar nas ɗin ɗakin, wata doguwar mace da kowa ke kira Sista, ta yi tsaki.

"Wanka ba ya kwance murfi. Ni nake ɗaure murafun nan, na san ɗaurina. Ranar da ka zo, mako uku da suka wuce, jan murfinka a karkace yake, da shatin haƙori a jikinsa. Na tambaye ka, ka ce ɓera ne. To ɓeran da ke kwance murfi ya mayar, shi likita yake nema."

Likitan ya miƙe, ya ce za a cire tiyon yau da yamma, ya wuce gado na gaba.

* * *

Auta ta ajiye kular a ƙasa, ta durƙusa a bakin gadon.

"Me ya sa ka yi masa ƙarya?"

"Rage murya."

"Ni na kira shi. Ni na kawo maka shi har ɗaki."

"Na ce ki rage murya, Auta. Inna ta je alwala, yanzu za ta shigo."

Hawaye suka ɓalle mata. Ranar tana gabanta kamar yanzu. Ta je duba shi da hantsi, mahaifiyarsa ta tafi kasuwa, ta same shi kwance ko kofi ba ya iya ɗagawa. Ta ruɗe. Ta fita a guje, kuma ba ta tsaya ko'ina ba sai shagon Mai Kemis, mutumin da unguwa ke kira Dakta ba tare da ya taɓa nuna takarda ba, mutumin da ya shekara biyu yana neman aurenta tana kaucewa.

Ya zo da jakarsa yana fara'a. Ya ɗan lalubi hannun Makaniki sau ɗaya, ya ce jijiya ta ɓuya. Sannan ya kalli tiyon ya yi dariya. "Ga babban titi a buɗe, mu tsaya neman lungu?" Ya ce da Auta ta janye wuyan rigar. Ta janye. Ya kwance jan murfin, ya riƙe shi da haƙori kamar yadda yake riƙe murfin allura a shagonsa, ya ɗura allurar ƙarin ƙarfi, ya zare murfin daga baki ya mayar. Makaniki yana can tsakanin barci da farke. Har godiya ta yi wa mutumin a bakin ƙofa.

"Da hannuna na riƙe rigar," ta ce, tana kuka ƙasa-ƙasa. "Da hannun nan."

"Taimakona kika so yi."

"Taimakon da zai kai ka kabari."

"Saurara." Ya kamo yatsunta, hannunsa zafi kamar bakin salansa. "Babanki ba ya so na, na jure. In Inna ta ji ke kika kawo shi, ta gama da ke har abada. Ki bar ni da wankana. Gara a ce ni ne wawa."

"Shi kuma fa? Ya ci bulus?"

"Bar shi da Allah."

Auta ta goge fuska da bakin mayafinta. Ta daɗe tana kallon filastar da ke ƙirjinsa.

"Allah yana da 'yan aike," ta ce.

A baranda ta tare Sista, ta faɗa mata komai, ba ta rage ko wuyan rigar ba. Sista ta saurara hannu a ƙugu.

"Ƙanwata, ke jahilci ne ya ja ki. Amma wannan mutumin, kin ce ya taɓa aiki a asibiti?"

"Kullum sai ya faɗa. Shekara biyar, in ji shi."

"Ko shara ya yi a asibiti ya san ba a taɓa tiyon nan sai da safar hannu da abin rufe baki. Mu kanmu sai mun goge mun sake gogewa. Bakin mutum kuwa ya fi kwata."

Ta shiga ofis ta fito da wata 'yar leda. Jan murfin ne a ciki.

"Na ajiye shi tun ranar. Likita ya gani, an rubuta. Sunan allurar nake so, da inda shagon yake."

Auta ta faɗa mata. Sannan ta miƙa hannu.

"Ara mini shi zuwa yamma, Sista."

* * *

Goggo, ƙanwar mahaifinta wadda ta rene ta tun rasuwar uwarta, saura kaɗan ta yar da tsintsiya da ta ji saƙon.

"Dakta? Ke da bakinki? Ya zo ya ga Babanki bayan la'asar?"

"Ki aika masa, Goggo."

"Alhamdu lillahi. Dama na ce ranar hankali tana zuwa. Mace da ƙuruciyarta ta ƙare a jinya? Wancan ko an ɗaura, takaba kawai za ki je yi."

Auta ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko rigar da ta fi kowace kyau a cikin ɗinkinta, ta goge ta da kanta. Mace in ta yi shiru tana kwalliya bayan ta sha kuka, mai hankali yakan duba hanyar fita. Goggo dai murna ta rufe mata ido.

Mai Kemis ya iso a kan sabon babur, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo. Ya durƙusa ya gaida Baba, tsohon direban babbar mota da ya ajiye sitiyari ya koma sauraron rediyo. Baba ya kashe rediyon, ya nuna masa kujera.

Auta ta kawo lemo da kofuna, ta zuba masa da kanta. Maimakon ta fita, sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinta.

"Baba, kafin ku yi maganarku ta manya, ina da 'yar tambaya wurin Dakta. Ka san wanda zai riƙe mutum gara a san zurfin iliminsa."

Mai Kemis ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Tambayi, ranki ya daɗe. Kyauta ne yau."

"Da gaske ka yi aiki a asibiti?"

"Shekara biyar cur. Likitoci ma sukan ce in zo in duba musu."

"Har ɗakin masu wankin ƙoda?"

"Nan ne ma gidana. Babu injin da ban sani ba."

"To wannan tiyon da ake sa musu a ƙirji, wata ƙawata ce take gardama, wai kowa ma yana iya buɗewa."

Ya yi dariya har yana buga cinya. Namiji in yana son burge surukai, bakinsa yakan riga ƙwaƙwalwarsa.

"Ƙawarki za ta yi kisan kai. Baba, abin nan kai tsaye zuciya yake zuwa. Ba a taɓa shi sai an wanke hannu, an sa safar hannu, an rufe baki da hanci. Ko numfashi ba a so a yi a kansa. Datti kaɗan ya shiga, sai dai wani ba shi ba."

"Ashe ka sani," in ji Auta.

Ta zaro 'yar ledar daga cikin mayafinta, ta ajiye a kan tebur kusa da kofinsa.

Dariyarsa ta ɗauke.

"Mene ne wannan?" Baba ya tambaya.

"Murfin tiyon Makaniki ne, Baba. Duba gefensa. Shatin haƙora ne, biyu a sama, da giɓi a tsakani. Dakta, ɗan yi wa Baba murmushi mana, yanzu fa kake dariya."

Mai Kemis ya rufe bakinsa gam. Goggo, da ke laɓe a bakin ƙofa, ta leƙo da kai.

"Mako uku da suka wuce ya buɗe shi da hannun da ya gama ƙirga canji, ya riƙe murfin a baki, ya mayar da shi da yawunsa. Yau cuta tana cin zuciyar bawan Allah. To Dakta, zaɓi ɗaya, ga Baba yana ji. In ka san dokar nan da ka karanto yanzu, ka shiga ɗakin da niyyar kisa. In kuwa ba ka sani ba sai daga baya, shekara biyar ɗinka ƙarya ce, kuma duk allurar da ka yi wa yaran unguwar nan caca ka yi da ransu. Wanne ne?"

"Ni taimako na je yi."

"Ban tambaye ka abin da ka je yi ba. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Baba, ka ga irin..."

"Amsa mata," in ji Baba, a hankali.

Gumi ya keto masa ta cikin turaren. Ya kalli ƙofa, ya kalli murfin.

"Mutumin da dama kwanansa ƙirgagge ne," ya ce. "Ko da ni ko ba ni."

Goggo ta dafe ƙirji.

"Na gode," in ji Auta. "Amsar ke nan. Asibiti sun rubuta sunan allurarka da inda shagonka yake. Masu duba shagunan magani suna tafe. Ka tanadar musu takardar shekara biyar ɗin, ka ga sai su sa mata gilashi su rataye."

Mai Kemis ya miƙe. Wanda aka tsirara a kasuwa ba ya jin kunyar jan zanen wani.

"To tunda tonon silili ake, Baba, tambaye ta wa ya zo shagona a guje. Tambaye ta wa ya janye masa riga na buɗe."

Baba ya sunkuyo ya dubi 'yarsa.

"Ni ce," ta ce, ba ta sunkuyar da kai ba. "Ni na kira shi, ni na riƙe rigar. Na faɗa a asibiti, ga shi na faɗa a gida."

"Saura wuri ɗaya," in ji Mai Kemis, yana laluben makullin babur. "Tsohuwarsa ba ta ji ba. Bari in je in yi mata sannu da jinya."

Ya fice, ko sallama babu.

* * *

Goggo ta shigo tana tafa hannu.

"Kin kyauta ke nan? Kin kori mai lafiya, kin tona wa kanki asiri, wancan kuma ga shi can rai a hannun Allah. Kin yi biyu babu."

"Yi mana shiru," in ji Baba.

Ya ɗauki 'yar ledar, ya kai ta kusa da idonsa, ya juya ta.

"Shi yaron, da likita ya tambaye shi, me ya ce?"

"Ya ce wanka ya yi ruwa ya shiga."

"Ya san ke kika kawo mutumin?"

"Ya sani."

"Kuma ya san likita yana neman gaskiyar ne don ya ceci ransa?"

"Ya sani, Baba. Cewa ya yi gara a kira shi wawa."

Nan muryarta ta karye, kukan da ta danne tun azahar ya ƙwace. Ta kifa kai a gwiwar tsohon.

"Wata tara kana ce masa gawa. Ban taɓa mayar maka da magana ba. Yau ni ce na kusa mayar da shi gawar, shi kuma yana kwance yana kare ni. In ya mutu, Baba, kada wanda ya ƙara kawo mini zancen wani namiji a gidan nan. Na gama."

Baba ya dafa kanta. Ya yi shekara talatin a kan hanya, ya ga yaran mota da ke tserewa tun kafin taya ta gama fashewa, ya ga kuma 'yan kaɗan da ke kwana a gindin mota cikin daji.

"Miƙo mini takalmina," ya ce.

"Ina za ka, Yaya?" in ji Goggo.

"Inda ya kamata in je tun wata tara."

* * *

Suna sauka daga tasi a ƙofar asibitin, sabon babur ɗin Mai Kemis ya fito ya wuce su da gudu. Auta ta bi shi da kallo.

Inna tana tsaye a bakin ɗakin marasa lafiya, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta baza hannu ta dafe ƙofar hagu da dama. Idonta a bushe yake. Kular abincin Auta tana ajiye a waje, a ƙasa.

"Ɗauki kayanki."

Auta ta zube a gabanta.

"Inna, ki saurare ni."

"Na saurari wanda kika kawo. Ya isa. Kasuwa kawai na je, 'yar nan. Awa biyu. Wata tara ina tsare da tiyon nan kamar ƙwai, ko ƙuda ban bari ya sauka a kai ba. Da soso nake goge masa jiki don kada ruwa ya taɓa. Awa biyu na bar miki shi."

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban sani ba."

"Rashin saninki zai ɗinke masa zuciya? Ke da kike tela?"

Baba ya matso, ya yi sallama.

"Baiwar Allah, ni ne mahaifinta. Na zo duba yaron. Na kuma zo in ce masa na janye maganata. Na ba shi ita."

Inna ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Lokacin da yake tafiya da ƙafarsa, ya zo gidanka sau nawa ka bar shi a tsaye a waje? Yanzu da 'yarka ta gama da shi ka kawo masa kyauta? Riƙe abarka, malam. Muna da makara a unguwarmu, ba sai an ba mu amarya ba."

Baba ya haɗiye maganar. Ya san bashi ne da ya ci tun tuni a wurin tsohuwar nan.

Sai ga Sista ta fito daga ciki, riƙe da takarda da biro.

"Inna, matsa mu wuce da shi. Likita yana jira a cire tiyon. Sai dai ɗanki ya ƙi sa hannu."

"Ya ƙi?"

Daga cikin ɗakin muryarsa ta fito, siririya, yana yanka ta da haki.

"Inna. Na ji muryarta. In ba ta shigo ba, ba zan sa ba."

"Kai, ka san abin da ta yi maka?"

"Na riga ki sani."

"Zazzaɓi ne ke magana, Sista. Kawo in dangwala masa."

"Da hankalinsa," in ji Sista. "Ba mai sa masa sai shi. Kuma kowace awa tiyon nan ya ƙara a jikinsa, cutar ƙaruwa take. Ku gama rigimarku da wuri."

Inna ta juya ta kalli gadon, ta juyo ta kalli yarinyar da ke durƙushe. A hankali ta sauke hannu ɗaya daga jikin ƙofar, ta bar wata 'yar hanya da ƙyar mutum zai bi a karkace.

"Shiga," ta ce. "Amma ki ji da kyau, ga ubanki shaida. Ban yafe ba. In ya tashi, sai kin shekara kina neman fuskata ba ki samu ba. In kuwa bai tashi ba, ni da ke har gaban Allah."

Auta ta miƙe, ta goge hawayenta.

"Na yarda, Inna."

Ta karɓi biron daga hannun Sista, ta raɓa ta gefen tsohuwar, ta shige.